Kafin Ka Jefar da Rautar da Ta Ƙi Tashi

Akwai wasu 'yan mintuna da kowace rauta ba ta da kariya a cikinsu ko kaɗan, wato lokacin da take sabunta manhajar cikinta. Idan aka ɗauke wuta a wannan tsakanin, ko aka ɗora mata fayil ɗin da ba nata ba, ko wani ya zare waya daga soket bai sani ba, sai a tarar da na'ura fitilarta ɗaya na ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa, ko duk fitilun sun kama sun tsaya cak, ko kuma tana ta kunna kanta tana kashewa. Sunan Wi-Fi ya ɓace daga wayoyin gida, shafin saiti ba ya buɗuwa. Nan take mai ita ya yanke hukunci cewa ta mutu, ya jefa ta kwali, ya fara lissafin kuɗin sabuwa.

Yawanci an yi gaggawar yanke wannan hukunci. Rautar da aka katse wa sabuntawa kan bar wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwarta lafiya lau, kuma wannan sashe ya isa a dawo da komai. Abin da ya fi damuna shi ne, sau da yawa ba ɗaukewar wutar ce ke yi mata illar da ba ta gyaruwa ba. Yunƙurin gyara ne, wanda aka yi cikin ruɗewa, da fayil ɗin da aka tsinta ba a duba ba, ko umarnin da aka kwafo daga bayanin wata na'ura daban. Don haka ceto rauta ya rataya ne a kan sanin abin da ya lalace da abin da ya rage, sannan a fara da hanyar da ba ta taɓa komai kafin a kai ga wadda take taɓa komai.

Rauta ƙaramar kwamfuta ce. Tana da furosesa, tana da RAM, tana kuma da wata ai-si ta ajiya da ake kira filash, wadda ba ta manta abin da ke cikinta ko babu wuta. Mu ɗauki TP-Link TL-WR841N, ɗaya daga cikin rautocin gida da suka fi yaɗuwa a duniya. A tsofaffin samfuranta filash ɗin megabait 4 ne kacal, cikin ai-si mai ƙafa 8, kuma an raba shi kashi-kashi. Kilobait 128 na farko na butloda ne, ƙaramar manhajar da ke fara tashi da zarar wuta ta shigo, ta shirya RAM, ta nemo babbar manhaja ta miƙa mata ragama. Tsakiya, inda ya fi faɗi, nan Linux da sauran fayilolin aiki suke zaune. Akwai ɗan gurbin saituna, inda sunan Wi-Fi da kalmar sirri suke. Kilobait 64 na ƙarshe kuma na wani sashe ne mai suna ART, wanda zan dawo kansa, domin shi ne abin da ya fi kowane tsada a cikin na'urar. Butlodan da aka fi samu biyu ne: U-Boot, wanda injiniyan Jamus Wolfgang Denk ya jagoranta shekaru da dama, da CFE na kamfanin Broadcom.

Filash yana da wata ɗabi'a da ita ce tushen matsalar: ba a rubuta sabo a kan tsoho. Kamar allon almajiri yake, sai an wanke karatun jiya kafin a rubuta na yau. A lokacin sabuntawa rauta tana goge sashen tsakiya guntu-guntu tana rubuta sabon, kuma a ƙa'ida ba ta taɓa butloda. Idan wuta ta ɗauke ana tsaka da wannan, sai a bar sashen rabi sabo, rabi fanko. Da wuta ta dawo butloda zai tashi kamar kullum, ya nemi Linux, ya tarar da abin da ba ya karantuwa, sai ya tsaya jira ko ya sake gwadawa ba iyaka. Ƙiftawar fitilar nan da ke tayar wa mutane hankali, sau da yawa ita ce shaidar cewa butloda yana nan da ransa.

A ƙasashen da wuta take tsayayya, katsewar lantarki lokacin sabuntawa tsautsayi ne da ba kasafai ake gani ba. A wurinmu abu ne da mai hankali zai sa a lissafi tun kafin ya danna maɓalli, musamman a gidan da ake sauyawa tsakanin wutar layi da janareta. Amma akwai sanadi na biyu da bai da alaƙa da wuta, shi ne fayil ɗin da bai dace ba. Kamfanoni kan riƙe suna ɗaya da kwali ɗaya su sauya kayan ciki ɗungurungum. WR841N samfuri na 9 zuwa na 12 furosesan Qualcomm Atheros ne a cikinsu, na 13 kuma MediaTek ne. A ido duk ɗaya suke, amma manhajar wannan ba ta tashi a kan wancan. Lambar samfurin tana rubuce a takardar da ke manne a ƙasan na'urar, tare da alamar yankin da aka yi ta dominsa, EU ko US. Wanda bai juya rautarsa ya karanta wannan takarda ba, bai kamata ya sauke komai ba. Sai fayil ɗin da bai gama sauka ba saboda raunin sabis, da kuma sabuntawa ta Wi-Fi maimakon kebul.

Kafin a ɗora laifi a kan manhaja, a fara da adafta. Adaftar da kafasitocinta suka gaji za ta iya kunna fitila amma ta gaza ba da ƙarfin da rediyon Wi-Fi ke ja idan ya tashi, sai rauta ta mutu ta sake kunnuwa, daidai da alamun lalacewar manhaja. A gwada wata mai bolt iri ɗaya da amfiya daidai ko sama. Idan an rubuta bolt 9, kada a sa ta 12. Bayan haka sai risit: a bar na'urar ta kunnu, a danna ɗan maɓallin cikin rami kamar daƙiƙa 10, a saki. Wannan saituna kawai yake gogewa, kuma sau da yawa su ne suka rikice. A watan Mayun 2023 masu rautocin ASUS a sassan duniya suka tashi da na'urorinsu suna daskarewa. Kamfanin ya ce kuskure ne a wani fayil ɗin saiti da ya fito daga sabarsa, kuma kashewa da kunnawa ko risit ya ishi yawancinsu. Akwai wata tsohuwar dabara da har yau take yawo, ta riƙe risit daƙiƙa 30 da wuta, 30 babu wuta, 30 bayan an mayar. An ƙirƙire ta ne don tsofaffin na'urorin Broadcom, kuma masu haɗa manhajar DD-WRT da kansu suna gargaɗin kada a yi ta a kan da yawa daga cikin sababbi. Wanda ya sauya manhajar kamfani da ta OpenWrt kuwa yana da tasa ƙofar: idan ya danna maɓalli lokacin da fitila ta fara ƙiftawa a farkon tashi, na'urar za ta shiga yanayin ceto a adireshin 192.168.1.1 ba tare da ta karanta saitunansa ba, daga nan umarnin firstboot ya mayar da ita yadda take ranar farko.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a saurara a ji ko butloda yana magana. A haɗa kwamfuta da rauta da kebul a ɗaya daga cikin ramukan LAN, a kashe Wi-Fi na kwamfutar, a ba ta adireshi da hannu, misali 192.168.1.10, tunda rautar ba ta cikin halin raba adireshi. A bar umarnin ping yana ta bugun 192.168.1.1, sannan a kunna rauta. Amsa ko da biyu ko uku ce a daƙiƙun farko albishir ne. A na'urorin Broadcom har akwai alamar da ake ganewa: idan amsar ta zo da TTL 100, CFE ne ke magana yana jiran fayil, idan ta zo da 64, Linux ya riga ya tashi, matsalar ba ta kai yadda ake zato ba.

Kusan kowane babban kamfani ya bar wata ƙofar baya a butlodansa, sai dai kowa da irin ƙwanƙwasarsa. Mafi sauƙi ita ce ta rautocin D-Link da yawa: a riƙe risit, a sa wuta ana riƙe da shi, sai wani ɗan shafi ya buɗe a burauza a 192.168.0.1, ba komai a cikinsa sai wurin zaɓar fayil. A ASUS ana riƙe risit haka har fitilar wuta ta fara ƙiftawa a hankali, sannan a tura fayil da manhajar kamfanin mai suna Firmware Restoration. Na'urorin Netgear da dama suna amsa wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna nmrpflash. MikroTik na ƙasar Latbiya yana da Netinstall, kuma eriyoyin Ubiquiti da masu raba intanet ke kafawa a kan rufi suna jira a 192.168.1.20. Wasu rautocin Linksys, irin su WRT1900ACS da WRT3200ACM, kwafi biyu na manhaja suke ɗauke da su. Idan na'urar ta gaza tashi sau 3 a jere, da kanta take komawa ɗaya kwafin, kuma mai ita zai iya tilasta mata hakan ta hanyar kunnawa da kashewa.

A ƙarƙashin yawancin waɗannan ƙofofi hanya ɗaya ce take aiki, TFTP. Tsohuwar ƙa'idar aika fayil ce wadda Karen Sollins ta jami'ar MIT ta rubuta bayaninta a 1981, aka sabunta shi a 1992. Ba ta da kalmar sirri, ba ta da ɓoye bayani. Tana aika bait 512, ta jira a ce sun iso, ta aika na gaba. Wannan ƙanƙanta ce ta sa take shiga cikin butloda mai kilobait kaɗan. Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne wane ne ke nema, wane ne ke bayarwa. A wasu na'urori rauta ce ke zaune tana jira, kai ne za ka tura mata fayil. A wasu kuma, irin TP-Link da yawa, ita ce ke fita nema: idan aka sa mata wuta ana riƙe da risit, sai ta ɗauki adireshin 192.168.0.86, ta tambayi kwamfutar da ke 192.168.0.66 wani fayil mai takamaiman suna da ke ƙarewa da tp_recovery.bin. A nan dole kwamfutarka ta zama saba, da manhaja irin Tftpd64, adireshinta ya zama daidai wannan, sunan fayil ɗin kuma kada harafi ɗaya ya sauya. Wanda ya zauna yana tura fayil ga rautar da ita kanta nema take yi, zai kwana bai ga komai ba.

Gazawar TFTP ba kasafai take nufin na'ura ta mutu ba. Katangar tsaro ta Windows tana toshe buƙatar rauta ba tare da ta sanar da kowa ba, don haka a kashe ta na ɗan lokacin aikin. Ƙofar kanta daƙiƙu kaɗan take yi a buɗe, kuma kwamfuta kan ɗauki fiye da haka kafin ta gane an kunna abin da ke ɗaya bakin kebul ɗin; maganin wannan shi ne a sa ƙaramin suwic tsakanin su biyu, yadda ramin kwamfutar zai zauna a kunne tun kafin rauta ta farka. Mai turawa daga Windows kada ya manta da alamar -i a umarninsa, domin in babu ita za a aika fayil ɗin a matsayin rubutu ya isa a gurɓace. Wanda bai san sunan fayil ɗin da rautarsa ke nema ba, ya buɗe Wireshark ya kalli abin da ke wucewa a kebul: zai ga buƙatar da idonsa, da sunan, da adireshin. Idan fayil ya shiga kuma, a cire hannu. Shigar fayil daƙiƙu ne, amma rubuta shi a filash mintuna ne, kuma ba kowace na'ura ke nuna alamar tana aiki ba. A nan ake yawan yin ɓarna ta biyu: mutum ya ga shiru, ya zare wuta, ya maimaita abin da ya jawo matsalar tun farko. Minti 10 na haƙuri ba su da yawa.

Fayil ɗin kansa yana da nasa tarkon. Wasu fayilolin da TP-Link ke fitarwa suna ɗauke da butloda a gabansu, kuma ana gane su da kalmar boot a cikin sunan. Ta shafin saiti na kamfanin ba su da matsala, domin ya san yadda zai raba su. Amma wanda ke komawa manhajar asali daga OpenWrt a kan tsohuwar WR841N, idan ya rubuta irin wannan fayil yadda yake, komai zai sauka a gurbin da ba nasa ba. Shi ya sa ake yanke guntu 257 masu bait 512 daga farkonsa. Ko za a yanke ko ba za a yanke ba ya danganta da samfuri da kuma hanyar da ake bi, saboda haka bayanin samfurinka kaɗai za ka bi, ba na maƙwabcinsa ba. Idan shafin da ka sauke fayil ya bayar da lambar SHA-256, ka lissafa ta naka da umarnin certutil ka gwada. Aikin minti ɗaya ne, kuma shi ke tabbatar maka fayil ɗin ya sauka cikakke.

Mataki na gaba yana buƙatar sukundireba, kuma yana kashe garanti. A fanel ɗin yawancin rautoci akwai 'yan ramuka ko filoli 4 a jere da injiniyoyin kamfani suka yi amfani da su lokacin ƙera ta: ƙasa, aikawa, karɓa, da wuta. Wannan ita ce kafar siriyal. Da ƙaramar adaftar USB mai ai-si CP2102 ko CH340 ko FT232, da manhaja irin PuTTY, za ka ga duk abin da butloda ke faɗa tun daga daƙiƙar farko. Ana haɗa wayoyi 3 ne kawai: ƙasa da ƙasa, aikawar wannan da karɓar wancan, karɓar wannan da aikawar wancan. Ta huɗu, ta wuta, ba a haɗa ta sam. Adaftar ta zama a kan bolt 3.3; tsohon ramin siriyal na bayan kwamfuta yana iya kaiwa bolt 12, kuma zai ƙona furosesa nan take. Gudun da aka fi amfani da shi 115200 ne, wasu na'urorin Ralink da MediaTek kuma 57600. Idan rubutu ya fito a hargitse, gudun ne bai dace ba.

A ganina wannan ne matakin da ya fi kowane daraja, domin daga nan zato ya ƙare. Butloda zai faɗa maka da bakinsa ko ya ga RAM, ko ya gane filash, ko lissafin tantance Linux ne bai fita ba. Ana dakatar da shi da danna wani maɓalli a kan lokaci; a TP-Link da yawa ana rubuta tpl da sauri. U-Boot na na'urorin Ralink da MediaTek yakan nuna jerin zaɓi masu lamba. Lamba 2 tana karɓar manhaja ta TFTP ta rubuta a filash. Lamba 9 tana karɓar fayil ta rubuta shi a gurbin butloda, kuma wanda ya danna ta bisa kuskure ya ba ta fayil ɗin Linux, ya rufe ƙofar da yake tsaye a cikinta. Lamba 1 ce aka fi rainawa alhali ita ce ta masu hankali: tana ɗora manhaja a RAM kawai ta tayar da ita, ba ta rubuta komai. Da ita za ka gwada ko fayil ya dace, kuma da ƙaramin OpenWrt da ke tashi daga RAM za ka iya kwafe duk abin da ke filash ka ajiye a kwamfuta kafin ka goge ko bait ɗaya.

Dalilin wannan kwafi shi ne sashen ART da na ambata, wanda a na'urorin MediaTek ake kira factory. A masana'anta ana auna rediyon kowace rauta ita kaɗai, a rubuta mata gyare-gyaren ƙarfin da ya dace da kayan da ke jikinta. Lambar MAC ɗinta ma tana nan, ko a ƙarshen sashen butloda kamar yadda yake a tsofaffin TP-Link. Linux ana sauke shi a ko'ina, butloda ana iya samunsa daga wata na'ura irinta, amma wannan awo nata ne ita kaɗai, kuma ba ya cikin fayil ɗin da kamfani ke rabawa. Idan aka goge shi rauta za ta iya tashi, ramukan kebul su yi aiki, amma Wi-Fi ya ƙi kunnuwa. Ana iya aro na wata mai samfuri ɗaya a samu ta yi aiki, sai dai ba da tabbacin ƙarfin da take da shi a da ba.

Idan an haɗa wayoyi daidai amma kafar siriyal ta yi tsit, mai yiwuwa butloda ya tafi. Ko a nan ba a gama ba matuƙar filash ɗin irin mai ƙafa 8 ne. Ƙaramar na'urar CH341A, da maƙalin da ke kama ƙafafun ai-si, da manhajar flashrom, suna karanta filash su rubuta shi kai tsaye ba tare da furosesa ya sani ba. Ƙa'idar farko ita ce a karanta sau biyu, a gwada kwafin biyu, a tabbatar sun zo ɗaya, a ajiye, sannan a yi maganar rubutu. Ko butloda ya lalace, ART yana iya kasancewa lafiya a ƙarshen kwafin. A kula kuma, wasu daga cikin baƙaƙen CH341A da suka cika kasuwa suna fitar da bolt 5 a layukan bayanai alhali ai-sin ta bolt 3.3 ce, akwai ma ai-si masu bolt 1.8 da ke buƙatar adafta ta musamman. Idan karatu ta maƙali yana sauyawa, a cire ai-sin da iska mai zafi a karanta ta a waje. Sababbin rautoci masu filash irin NAND sun fi wuya nesa ba kusa ba, saboda gurɓatattun gurabe da lissafin gyaran kuskure da dole a kiyaye. Akwai kuma hanyar JTAG, amma kamfanoni da yawa sun daina barin kafarta a fanel.

Rautar da ta fi yawa a gidajenmu dai ba ta kebul ba ce, mai SIM ce, ta Huawei ko ZTE, wadda kamfanin sadarwa ya sayar a kulle da layinsa. Yawancin waɗanda ke mutuwa a cikinsu a wajen ƙoƙarin buɗe su ne don su karɓi kowane layi. Na'urorin Huawei da yawa suna kulle kansu bayan an shigar da lambar buɗewa ba daidai ba sau 10, daga nan sai a koma ga filashin, sai a ɗora manhajar wani yanki ko wani samfuri. Su ma suna da ƙofar ƙarshe, amma ta USB: masu furosesan Balong na Huawei ana taɓa wani ɗigo a fanel da ƙasa lokacin sa wuta, masu Qualcomm kuma suna da yanayin gaggawa da kwamfuta ke gani da lamba 9008. Abin tsaro a nan shi ne sashen da ke riƙe IMEI da awon rediyo. Idan ya tafi, na'ura za ta kunnu amma ba za ta ga sabis ba. Masu gyaran waya a kasuwanni irin Farm Centre ta Kano suna da iska mai zafi, da mita, da hannun da ya saba da ƙananan ai-si, kuma aikin rauta bai fi na waya wuya ba. Tambaya ɗaya ya kamata mai kai gyara ya yi: “Maigida, za ka kwafe abin da ke ciki kafin ka yi filashin?” Amsar da aka ba shi ta ishe shi sanin ko zai bar kayansa a wannan shago.

Duk wannan ilimi bai zama na kowa ba sai da aka yi gwagwarmaya. Linksys ya fitar da WRT54G a ƙarshen 2002, sai masu bincike suka gano a 2003 cewa Linux ne a cikinta, wanda lasisinsa na GPL ya wajabta wa duk mai rarraba shi ya bayyana tushen manhajar. Bayan matsin lamba kamfanin, wanda Cisco ya saya a shekarar, ya saki tushen. Daga nan OpenWrt ya fito a 2004, DD-WRT ya biyo baya a 2005, kuma mutanen da suka yi ta kashe na'urorinsu suna tayarwa su ne suka rubuta adireshi da sunayen fayil da wuraren filoli da muke dogaro da su yau. A 2016 TP-Link ya fara toshe ɗora manhajar waje a rautocin da yake sayarwa a Amurka, yana kafa hujja da dokokin hukumar sadarwa ta FCC. A watan Agustan shekarar, cikin wata yarjejeniya da ya biya dala 200,000, ya amince ya yi aiki don a ci gaba da iya ɗora ta.

Ra'ayina shi ne, rautar da ɗaukewar wuta ta minti ɗaya za ta iya hallakawa, laifin ƙira ne kafin ya zama laifin mai ita. An san maganin, kuma ba shi da tsada: kwafi biyu na manhaja, da ƙofar ceto da aka yi bayaninta a takardar na'ura. OpenWrt One, da aka fara sayarwa a ƙarshen 2024 a kan dala 89, tana da filash biyu da ɗan makunnin zaɓa tsakaninsu, da kafar siriyal ta USB-C a jikinta ba sai an buɗe ta ba. Abin da ke faruwa idan babu hanyar dawowa kuwa an gan shi a Amurka tsakanin 25 da 27 ga Oktoban 2023, lokacin da wata muguwar manhaja ta lalata rautoci sama da 600,000 na abokan cinikin kamfanin intanet guda ɗaya, kamar yadda masu binciken Lumen suka bayyana a 2024; sai da aka sauya na'urorin. Na'urar da ba ta gyaruwa kuwa shara take zama. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tattara aka sarrafa yadda ya dace.

Ba kowace rauta ce ta cancanci wahalar ba. Wadda tsawa ko hauhawar wuta ta ƙona, babu fayil ɗin da zai tashe ta. Wadda kamfaninta ya daina fitar wa gyaran tsaro shekaru da suka wuce, tayar da ita a kan tsohuwar manhaja buɗe ƙofa ne ga ɓarayin intanet. Muguwar manhajar VPNFilter da Cisco Talos ya bankaɗo a 2018 ta shiga na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, da yawansu masu sanannun raunuka ne da ba a toshe ba. OpenWrt ma ya daina tallafa wa masu filash megabait 4 da RAM megabait 32 bayan fitowar sigar 19.07. Irin wannan, idan an tashe ta, ta fi dacewa da koyon aiki, kuma ga matashin da ke son sanin kan na'urori, babu abin gwaji da ya fi ta araha.

Mai karatu, idan rautarka tana aiki yau, yau ne za ka juya ta ka rubuta samfurinta da lambarsa, ka sauke fayil ɗinta daga shafin kamfani, ka haɗa da bayanin hanyar cetonta ka ajiye a kwamfuta. Ranar sabuntawa kuma ka sa ta a inbata ko UPS, ka yi ta kebul. Ranar da ta ƙi tashi, intanet ɗin da za ka nemo waɗannan abubuwa da shi ma ya tafi tare da ita.